Layi Uku a Littafin Kotu: Inda Masu Nazarin Doka da Al'umma Suke Saɓawa

Wanda ya taɓa zama a kotun alƙali daga hantsi zuwa azahar ya san irin wannan zaman. A ce mace ce ta kawo ƙarar mijinta, tana so a raba auren. Sai a yi awa biyu ana abu ɗaya. Ita ta faɗi nata, murya na rawa, ga goyo a baya. Shi ya miƙe ya rantse bai taɓa barin ta da yunwa ba. Wanta ya tsoma baki, alƙali ya tsawata masa. Can wani dattijo daga bencin baya ya roƙi a ba su mako biyu su koma gida su sasanta. Alƙali ya dube ta ya ce, "Kin ji abin da baffanki ya ce?" Ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. In ka leƙa littafin magatakarda, abin da ya rubuta bai wuce layi uku ba: an saurari ɓangarorin biyu, sun amince su nemi sulhu, an ɗage zama zuwa rana kaza.

Shirun nan nata shi ne ya zama "sun amince" a takarda. Nan da shekara hamsin wani ɗalibi zai buɗe littafin, ya ƙirga irin waɗannan layukan, ya rubuta cewa matan wancan zamani sun fi son sulhu a kan saki. Kuma babu wanda zai iya cewa ya yi ƙarya.

Fannin da ake kira nazarin doka da al'umma a kan wannan giɓin ya ginu. Lauya yana tambayar me doka ta ce. Mai wannan nazari yana tambayar me doka take yi wa mutane, me kuma mutane suke yi da ita. A nawa karatun, kusan duk wata gardama da manyan fannin suka tafka cikin shekara ɗari da suka wuce, gardama ce a kan inda mai bincike zai shimfiɗa tabarmarsa: a ɗakin ajiyar takardu, ko a zauren kotu, ko a ƙofar gidan mai unguwa, ko a cikin gida inda magana ba ta fita. Kowane wuri da irin dokar da yake nuna maka, da wadda yake ɓoye maka.

Dokar littafi da dokar ƙasa

A 1910 wani malamin doka a Amurka, Roscoe Pound, ya wallafa maƙalar da ta raba doka gida biyu, wadda ke kwance a littafi da wadda ke aiki a zahiri. Shi gyara yake nema, yana so kotuna su kamo zamani. Bayan shekara uku Eugen Ehrlich ya zarce shi. Ehrlich yana koyarwa a Czernowitz, a lardin Bukovina, can gefen daular Ostiriya, garin da yau yake cikin Yukiren. Lardin cike yake da ƙabilu, Romaniyawa da Jamusawa da Yahudawa da Armeniyawa da wasunsu. A takarda kundin doka guda ne na 1811 yake mulkinsu, amma a sha'anin aure da gado da gona kowa da yadda yake yi. Ehrlich ya kira wannan "doka mai rai", ya ce wanda ke son saninta ya fita daga ɗakin karatu, ya duba takardun cinikin da mutane ke rubutawa, ya tambayi manoma. A 1915 masanin doka Hans Kelsen ya far masa, ya ce ya cakuɗa abin da mutane suke yi da abin da ya wajaba su yi. Don kowa yana aikata abu, ba shi ke mayar da abin doka ba.

Mu kam ba sai an kai mu Bukovina ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Amma je ka ga yadda ake cinikin gona a ƙauye: a gaban dagaci ko mai unguwa, da shaidu, a yago takarda daga littafin ɗan makaranta a rubuta iyaka, gabas da wane, yamma da tsamiya, a dangwala yatsa, a shafa fatiha. Almajirin Kelsen zai ce wannan takarda da sauranta a idon doka. Almajirin Ehrlich zai ce to je ka noma gonar mu gani.

Rigima a matsayin taga

To in an yarda a fita, me za a tambaya? Ka sami dattijo ka ce ya faɗa maka al'adarsu ta gado, wa'azi zai yi maka. Zai faɗi yadda ya kamata a yi, ba yadda aka yi wa 'ya'yan ƙanensa bara ba. Wannan ne ya sa lauya Karl Llewellyn da masanin al'adu Adamson Hoebel, a aikinsu kan ƙabilar Cheyenne ta Amurka da ya fito a 1941, suka ce a bi rigima. A nemo takamaiman rikici, wa ya yi wa wa, wa ya shiga tsakani, da me aka ƙare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ma mai bincike ta tsagar yake leƙawa. Aibin aikinsu shi ne, rigingimun da suka tattara tsofaffi ne suka tuno musu, abubuwan da suka faru shekaru aru-aru kafin a rubuta. Tuni labari ya sha gugar baki.

Waɗanda suka zo bayansu sai suka zauna a kotun da kansu, kuma a nan ne aka yi gardamar da ta fi kowacce suna a fannin, rabinta ma a Najeriya aka haife ta.

Max Gluckman, ɗan Afirka ta Kudu da ya karanci doka kafin ya koma nazarin al'adu, ya zauna a kotunan Lozi a ƙasar da yau ake kira Zambiya, ya fitar da littafinsa a 1955. Abin da ya gano, a cewarsa, alƙalan Lozi suna tunani irin na alƙalan Ingila. Suna auna shaida, suna yi wa mai ba da ita tambayoyin ƙure, suna gwada halin mutum da abin da mai hankali zai yi in yana matsayinsa: miji mai hankali, hakimi mai hankali. A zamanin da Turawa da yawa ke ganin baƙar fata ba shi da tsarin shari'a sai ihu da tsafi, wannan magana tana da nauyi. Ya kuma rubuta ta da kalmomin lauyoyin Ingila, da gangan.

Paul Bohannan, Ba'amurke, ya zauna cikin Tibi a yankin Binuwai tsakanin 1949 da 1953, littafinsa ya fito a 1957. Shi ya ƙi fassara manyan kalmomin. Tibi suna cewa jir, kalmar da ta haɗa kotun da kuma ƙarar da ake yi a cikinta, har da zaman dangi a gida. Suna cewa injo, wadda aka saba fassarawa da bashi, amma ta shafi abubuwan da lauyan Ingila zai rarraba gida-gida, wannan saɓa alkawari ne, wancan ɓarna ce, wancan kuma rikicin dukiya. Bohannan ya ce da zarar ka zuba injo a cikin waɗannan akwatuna, ka kashe abin da ka zo nazari. Ya ƙara da wadda ta fi zafi: ita ma dokar Ingila al'adar wata ƙabila ce, don me za ta zama mudun da ake auna na kowa? Gluckman ya mayar masa cewa in kowa ya maƙale wa kalmomin mutanensa, ba za a taɓa kwatanta Tibi da Lozi ba, kuma ilimin da ba ya kwatantawa tarin labarai ne kawai. Sun yi ta yi har a taron masana da aka yi a Ostiriya a 1966, ba wanda ya sauka.

Mai jin Hausa yana da damar gwada wannan da kansa. Ɗauki jingina. Mai gona ya karɓi kuɗi, ya miƙa gonar, mai kuɗi ya ci gaba da nomawa har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa, ko da bayan shekara ashirin ne, ko da 'ya'ya ne suka zo fansa. In ka fassara ta da kalmar da banki ke amfani da ita, ka juya abin kai ƙasa, domin a tsarin banki mai gida yana zaune a gidansa yana biyan kuɗin ruwa. Ko ka ɗauki yaji. Wanda ya rubuta shi a matsayin "mace ta gudu ta bar mijinta" bai san cewa yaji hanya ce ta shigar da ƙara ba. Ta tafi gida ne don a zo biko, a zauna, iyaye su ji, a ja wa miji kunne. Har ita kanta kalmar da fannin ya ɗauka suna, Turanci guda yake da ita, mu kuwa muna da doka, da shari'a, da hukunci, da al'ada, da ƙa'ida, har da oda. Ka tsayar da mutum ka ce, "Kana bin doka?" amsa daban za ka samu da in ka ce, "Kana bin shari'a?" Mai takardar tambayoyi da aka tsara a Landan aka fassara a daren tafiya bai ma san ya zaɓi ɗaya ba.

Ni a ganina Bohannan ya fi gaskiya a lokacin tattarawa, Gluckman kuma a lokacin rubutawa. Sai dai ɗan gida yana da nasa ramin da su biyun ba su faɗa ba. Bature yana tambayar ma'anar biko saboda bai sani ba. Bahaushe ba ya tambaya saboda yana jin ya sani, alhali bikon Katsina da na Zariya da na Maraɗi ba lallai su zo ɗaya ba.

Wa ya rubuta, wa aka tambaya

Takardu fa? Akwai taska a cikinsu. Allan Christelow ya fassara zaɓaɓɓun shari'o'i daga littafin majalisar Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, ya wallafa su a 1994. Rubutun na Larabci ne, na shekarun 1913 da 1914, kuma a ciki za ka ga rikicin gona, da kisan kai, da sata, da batun bayi. Babu wata hira da za ta ba ka wannan a yau. Amma mutanen da Hausa ko Fillanci suka yi magana, malami ya taƙaita da Larabcin fiƙihu, kuma yana sane da cewa akwai Razdan, wakilin Turawan mulkin mallaka, a gari. Kafin maganar ta iso gare ka ta bi ta rariya uku.

Martin Chanock, a nazarinsa na Malawi da Zambiya da ya fito a 1985, ya tono wata matsalar da ta girgiza fannin. Abin da aka rubuta da sunan "dokar gargajiya", in ji shi, ba tsohuwar aba ce da Turawa suka tarar suka adana ba. A lokacin mulkin mallaka aka ƙera ta. Jami'in Bature ya tara dattawa maza ya tambaye su al'ada, a daidai lokacin da samari ke tafiya aikin ma'adinai suna samun kuɗin kansu, mata kuma suna samun hanyar barin aure. Dattawan suka faɗi al'adar da za ta dawo musu da iko, aka rubuta, kotu ta mayar da ita dutse. Mu ma mun ga irinta. Kwamitin da ya tsara makomar ƙasar noma ta Arewacin Najeriya a 1908 a Landan ya zauna, jami'an Turawa ya fi saurara, kuma daga rahotonsa aka gina dokar 1910 wadda jikanyarta ce ta 1978.

Masu ƙidaya

Wani ɓangaren kuma ya ce duk wannan labari ne, a kawo alƙaluma. Sun kuwa kawo abin da zaman kotu ba zai taɓa nunawa ba. A farkon 1980 wani babban bincike a Amurka ya tuntuɓi gidaje ta wayar tarho yana tambayar mutane ko an taɓa cutar su, maimakon ya fara daga kotu. Richard Miller da Austin Sarat suka fitar da sakamakon: a cikin kowane ƙorafi 1,000, guda 718 ne aka tunkari wanda ake zargi, 449 suka zama jayayya, 103 suka kai ga lauya, 50 kacal suka shiga kotu. A ƙasar da ake yi wa kirari da son ƙara ke nan. Wanda ya zauna a kotu yana kallon biyar ne cikin ɗari, kuma biyar ɗin da suka fi kowa taurin kai, ko kuɗi, ko rashin mafita.

Sauran casa'in da biyar ɗin ina suka tafi? Mu muna da sunan inda da yawansu ke zuwa: "na bar shi da Allah." Wani kuma tun farko bai ɗauki abin a matsayin cuta ba. Matar da aka hana ta gadon gona aka ce 'yan'uwanta maza za su riƙe mata, in mai tambaya ya ce ko tana da matsalar shari'a, za ta ce a'a, kuma har zuciyarta. William Felstiner da Richard Abel da Sarat sun nuna cewa kafin a kai ga ƙara sai mutum ya fara gane an cuce shi, sannan ya ɗora laifin a kan wani, sannan ya nemi haƙƙi. Takardar tambayoyi daga mataki na biyu take fara gani.

Wasu kuma sun guje wa kotu ne don suna da abin da ya fi ta. Stewart Macaulay ya yi hira da 'yan kasuwa da lauyoyi 68, akasarinsu a jihar Wisconsin, ya wallafa a 1963 cewa masu masana'antu ba sa son jan juna kotu, waya suke ɗagawa su daidaita, don gobe ma rana ce. Duk wanda ya ga yadda ake ɗaukar dilar atamfa bashi a Kantin Kwari da baki kawai ba zai yi mamaki ba. Robert Ellickson ya je gundumar Shasta a Kalifoniya ya duba abin da ke faruwa in shanu suka shiga gonar maƙwabci. A wasu sassan gundumar doka tana ɗora wa mai shanu biyan ɓarna, a wasu kuma mai gona ne ya kamata ya yi shinge. Ya tarar mutane ba su damu da bambancin ba, wasu ma ba su san shi daidai ba. Ƙa'idarsu ita ce mai dabba ya kula da dabbarsa. Wanda aka yi wa ɓarna ya kira waya, mai shanu ya ba da haƙuri ya zo ya gyara, wanda ya ƙi ji a yi ta yi da shi a gari. Shi kansa Ellickson, a littafinsa na 1991, ya taƙaita maganarsa ga mutanen da suka san juna kuma za su ci gaba da zama tare. Wannan sharaɗin shi ne ya kamata mai nazarin rikicin manoma da makiyaya ya riƙe, domin ardo da dagaci suna iya kashe wutar ɓarna ne muddin gobe za su sake haɗuwa a kasuwa.

Alƙaluma su ma suna yaudara. A 2011 wasu masu bincike suka duba hukunce-hukunce 1,112 na alƙalan da ke duba buƙatun fursunoni a Isra'ila, suka ce a farkon zama kusan kashi 65 cikin ɗari ake amincewa, kafin hutun cin abinci kuma ya sauko kusan sifili. Duniya ta ɗauka, alƙali mai jin yunwa ba ya tausayi. Sai wasu da suka san yadda ake tsara zaman suka ce ba a kiran fursunonin kara-zube, waɗanda ba su da lauya galibi su ake bari zuwa ƙarshen zama, kuma dama su ne aka fi hanawa. Masu binciken sun kare kansu, gardamar ta ci gaba, amma abin da ya tayar da ita wani masinjan kotu ma zai iya faɗa musu shi tun farko.

In komai doka ne

Daga nan aka shiga wata rigimar ta suna. John Griffiths ya ce a 1986 tunanin cewa gwamnati kaɗai ke da doka tatsuniya ce, kowace al'umma dokoki da yawa ke aiki a cikinta lokaci guda. Brian Tamanaha ya amsa a 1993 cewa in haka ne, ina iyaka? Ƙa'idar 'yan adashi doka ce? Ta 'yan tasha fa? Kalmar da ta haɗiye komai ta daina nufin komai. Ban ga wannan gardama tana da amfani sosai ba, sai dai abin da ta haifar. Keebet von Benda-Beckmann ta nuna a 1981, daga Minangkabau a Indonesiya, cewa ba mai ƙara kaɗai ke zaɓen inda zai kai kukansa ba, su ma masu yanke hukunci farautar ƙara suke, domin kowace rigima da ka raba ƙarin iko ce. A Kano mace guda tana iya zuwa wurin mai unguwa, ko Hisba, ko kotun shari'a, ko ofishin 'yan sanda, kuma barazanar zuwa ɗaya makami ce a gaban ɗayan. Christian Lund ya ga irin haka a yankin Damagaram lokacin da Nijar ke shirin dokar karkara ta 1993. Jin cewa za a rubuta mallakar gona ya isa ya tayar da tsofaffin rigingimu, mai aro da mai gado kowa ya ruga wurin hakimi ko jami'in gwamnati ko ɗan siyasa don ya kafa hujja kafin a rufe littafi. Dokar ta fara aiki a gonaki tun ba ta gama fitowa ba.

Akwai kuma jan kunne ga masu son sulhu fiye da kima, kuma ni ina cikin masu buƙatar a ja musu. Laura Nader, bayan dogon zama cikin ƙabilar Zapotec a Meziko, ta nuna a 1990 cewa yabon zaman lafiya shi ma akida ce, kuma sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi ake sa wa ya haɗiye. "A yi haƙuri" magana ce mai daɗi, amma mai bincike ya kamata ya ƙirga wa ake yawan gaya wa ita.

Wannan ya dawo da mu kan matar da ta sunkuyar da kai. Littafin kotu ya ce ta amince. Wanda ya zauna a benci ya ga ta yi shiru. Mai takardar tambayoyi zai same ta bayan wata shida a ɗakin mijinta, ya rubuta cewa an warware. Sanin ko shirun kunyar baffanta ce, ko tsoron a karɓe mata yaro, ko rashin kuɗin mayar da sadaki, ko kuwa dama jan kunne ta zo nema ba saki ba, sai an bi ta har gida, an wuce zaure, an wuce inda aka rubuta "ba shiga". Namiji mai bincike a nan tafiyarsa take ƙarewa. Lokacin da masanin al'adu M. G. Smith yake nazarin sarauta da tattalin arzikin ƙasar Zazzau, matarsa Mary Smith ce ta zauna da Baba ta Karo daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana rubuta abin da tsohuwar ke faɗa da Hausa. Daga bakin Baba aka ji labarin aurenta huɗu, da yadda mace ke lallaɓa dangi, da lokacin da take yaji, da lokacin da take yanke shawarar zuwa gaban alƙali. Littafin ya fito a 1954, shekara guda kafin na Gluckman, amma a kan kantar tarihin rayuwa aka ajiye shi, ba a ta shari'a ba.